Dusar ƙanƙara ta rufe lambun ɗana a Amurka: ya sare shukokin ne, kuma irin wannan zai iya faruwa a Jos?

Tsohon Hedimasta, Anguwar Rogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida jama'ar wannan zaure baki ɗaya, musamman masu sana'ar lambu da malaman gona da ke cikinmu. Na daɗe ina karanta bayananku ba tare da na tsoma baki ba, amma yau wata damuwa ta kawo ni, kuma ina fatan waɗanda Allah ya ba ilimin abin za su taimaka mini.

Babban ɗana yana zaune da iyalinsa a birnin New Orleans na jihar Louisiana, a kudancin Amurka, shekara shida ke nan. Gari ne mai zafi da gumi, kusa da teku, har yakan ce mini yanayinsa a mafi yawan shekara ya fi kama da na Legas ko Fatakwal. Da ya samu gida mai ɗan fili a baya, sai ya yi abin da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana yi a tsakar gidanmu: ya shuka zogale guda uku, ya dasa ayaba a jikin katanga, ya sa gwanda biyu da lemun tsami ɗaya, sannan idan sanyi ya shigo yakan yi fangali biyu na kabeji da karas da albasa. Zogalen ya fi ji da shi a kan komai, domin da shi matarsa take yi wa yara kwaɗo da miya, kuma ta nan ne jikokina, waɗanda a can aka haife su, suka san ɗanɗanon abincin gida.

Ranar Talata, 21 ga Janairun 2025, ya kira ni ta bidiyo bayan mun idar da sallar isha'i, a can kuwa rana tsaka ce. Ya juya wayar ya nuna mini bayan gidan, sai na kasa gane wurin. Fangalin duka biyu sun ɓace a ƙarƙashin wani farin abu kamar an zazzage buhunan gari, ganyen ayaba ya sunkuya har ƙasa saboda nauyi, ƙaramar jikata kuma tana tsaye da safar hannu tana dunƙula abin tana dariya. Abin da aka auna a filin jirgin saman birnin ya kai inci 8, wato kimanin santimita 20, kuma tsofaffin unguwarsu sun shaida masa ba su taɓa ganin irinsa ba. Bayan kwana huɗu ya sake kira, wannan karon babu dariya. Dusar ta narke, ganyen ayaba ya koma ruwan ƙasa yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma, gwandar ta yi laushi tun daga kai, zogalen kuwa ya zama sanduna babu ganye ko ɗaya. Amma kabeji da karas, waɗanda dusar ta binne ɗungurungum, sun fito kore shar kamar babu abin da ya same su.

Ya tambaye ni ko ya sare komai ya sake sabuwar shuka, ni kuwa ban ba shi amsa ba, domin duk shekarun da na yi ina taɓa lambu a Jos ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Wannan ita ce tambayata ta farko. Ta biyu kuwa ta taso ne a majalisarmu ta bayan la'asar, inda na nuna hotunan. Wasu abokaina suka dage cewa ai mu ma a Jos dusar ƙanƙara tana sauka, suka kafa hujja da wani ruwa da aka yi da farkon daminar bara, lokacin da tsakar gidaje suka yi fari fat. Ni dai a ganina ba abu ɗaya ba ne, amma na kasa kawo bayanin da zai gamsar da su. Idan garin da ke daidai da teku, mai zafi kamar wancan, zai wayi gari a haka, me zai hana Jos da ke kan tudu, wadda duk Najeriya ta san ta da sanyi?

Malamin Labarin Ƙasa, Bukuru

Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Allah ya mayar wa ɗanka da alheri. Maganar shuka zan bar wa masu ita, ni zan tsaya a kan tambaya ta biyu, domin na yi shekaru ina koyar da wannan darasi, kuma na lura harshenmu ne yake fara rikita mu, tunda kalmar ƙanƙara guda ɗaya muke kiran abubuwa uku da ita: wadda ake sayarwa da azumi, wadda take zubowa da hadari, da wadda ta sauka a lambun ɗanka.

Abin da abokanka suka gani da farkon damina ƙanƙarar hadari ce, kuma ita zafi ne yake haifar da ita. Ana samunta a ranar da ƙasa ta ɗauki rana sosai, iska mai ɗumi da danshi ta yi sama da ƙarfi, ta gina irin dogon hadarin nan mai tsawa wanda kansa ke wuce kilomita goma. A can sama sanyi ya zarce na daskarewa nesa ba kusa ba, saboda haka ɗigon ruwa yakan daskare, iskar da ke hawa ta riƙe shi yana ta tara sabon ruwa a jikinsa yana ƙara daskarewa, har ya yi nauyin da iska ba za ta iya riƙe shi ba, sai ya faɗo. Duk wanda ya fasa babbar ƙwaya ɗaya ya duba cikinta zai ga zobe a kan zobe kamar an yanka albasa. Da gudu take faɗowa, shi ya sa ba ta samun lokacin narkewa a hanya, kuma tudun Jos, da yake ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, ya rage mata nisan da za ta yi a cikin iska mai ɗumi. Dalilin da ya sa muke ganinta fiye da garuruwan da ke kwari ke nan.

Dusar ƙanƙara kuwa ba ɗigon ruwa ba ce da ya daskare. Tururin ruwan da ke cikin gajimare ne yake juyewa kai tsaye ya zama ƙananan lu'ulu'u masu kusurwa shida, marasa nauyi, waɗanda ke saukowa a hankali kamar audugar rimi idan iska ta kwaso ta. Saboda wannan jinkiri, tilas ne iskar da ke tsakanin gajimare da ƙasa ta kasance a kan digiri sifili na ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, ko dai kusa da shi, tun daga sama har ƙasa, in ba haka ba sai ta narke ta iso mana a matsayin ruwan sama. A ɓangarenmu na duniya sai an hau kimanin mita 4,500 zuwa 5,000 kafin a kai inda ruwa ke daskarewa, domin iska tana rage zafi ne da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita dubu da aka hau. Tsayin Jos ya rage mana digiri 7 zuwa 8 idan aka kwatanta da bakin teku, wanda ya isa ya sa mu noma dankalin turawa mu kwana da bargo, amma da sauran tafiya mai nisa kafin sifili. Duwatsun Shere da muke hangowa sun ɗara mita 1,800 kaɗan, dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsayi a Najeriya, ya ɗara mita 2,400 kaɗan. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya da ake ganin farin kansa a hotuna mita 5,895 ne.

Akwai kuma abin da ya fi tsayin muhimmanci a wajena, wanda nakan ce ɗalibai su riƙe shi ko da sun manta sauran. Dusar ƙanƙara tana buƙatar sanyi da danshi a rana ɗaya, mu kuwa Allah ya raba mana su gida biyu. Sanyinmu yana zuwa ne da iskar hunturu, wadda ke tasowa daga arewa maso gabas ta ƙetaro Sahara, busasshiya ƙamas, ƙura take ɗauke da ita ba ruwa ba, kuma ko a daren da ya fi tsanani a Disamba ko Janairu ma'auni yakan sauka ne zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka kaɗan. Danshinmu kuwa daga tekun Atlantika yake zuwa tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma iska ce mai ɗumi. Lokacin da muke da sanyi babu hadari, lokacin da muke da hadari babu isasshen sanyi.

Lamarin New Orleans daban ne. Birnin yana kan digiri 30 arewa da tsakiyar duniya, daidai da Alƙahira, Jos kuwa ba ta cika digiri 10 ba. Sannan a Amurka ta Arewa babu jerin duwatsu da ya gitta daga gabas zuwa yamma ya tare hanya, saboda haka iskar da ta kwana a kan ƙanƙarar arewacin Kanada takan gangaro ta tsakiyar nahiyar har bakin tekun Mekziko ba tare da ta rasa sanyinta duka ba. A mafi yawan lokuta busasshiya take isowa, ta daskarar da shuka da dare ta wuce. Sai a irin ranar da ta yi kiciɓis da iska mai danshi daga tekun ne ake samun abin da ɗanka ya nuna maka, kuma a tarihin birnin sai an koma Fabrairun 1895 kafin a samu wadda ta yi kusa da wannan yawa. Mu a nan iskar sanyin Turai sai ta ƙetare tekun Bahar Rum da dubban kilomitoci na hamada kafin ta iso, kuma kafin nan ta riga ta yi ɗumi. Iyakar inda take kaiwa da ƙarfinta shi ne bakin Sahara na arewa, kamar garin Ain Sefra na Aljeriya, mai tsayin kimanin mita 1,000 a gindin duwatsun Atlas, inda dusa ta sauka a kan jan yashi a 1979, sannan a Disambar 2016 da Janairun 2018.

Manomin Rani, Lamingo

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, amma ƙanƙarar hadari na san ta farin sani, kuma zan iya shaida wa abokanka cewa wanda ta faɗa wa a lambu ba zai tsaya yana dunƙula ta yana dariya ba. Wata shekara a cikin Afrilu ina da latas da kabeji da tumatirin ƙarshen rani, saura mako guda dillalan Farin Gada su zo ɗauka. Da la'asar gari ya yi zafi ƙwarai, sai hadari ya taso daga gabas baƙi wuluk, muka fake a rumfar injin ban ruwa. Ƙarar da kwanon rumfar ya yi ta sa ko maganar wanda ke kusa da kai ba ka ji. Bai fi minti goma ba aka ɗauke, amma da muka fito latas ya zama kamar an daddatse shi da wuƙa za a yi kwaɗo, ganyen kabeji duk huda, tumatir kuwa kowanne da tabo a gefen da iska ta buga, kuma kafin kwana uku duk wanda ya samu tabo ya ruɓe. Ƙanƙarar ta taru a bakin kwami har ana ɗiba da kwano, amma kafin magariba ta narke. Ita dukan shuka take yi, ba daskarar da shuka take yi ba.

Sanyin hunturu kuma nasa aikin daban. Kabeji da karas da latas da dankali suna son sa, a lokacin ne ma suke yin kyau, shi ya sa muke yin su da rani a bakin dam da kududdufan da aka bari bayan haƙar kuza. Kuɓewa kuwa ba ta tafiya da sanyi, takan tsaya cik har sai gari ya fara ɗumi, attaruhu ma yakan rage fure.

Game da zogalen ɗanka, shawarata ita ce ya sare shi daidai gwiwa tun yanzu. Mu a nan haka muke yi masa duk shekara, kuma ban taɓa ganin zogalen da aka sare ya ƙi tohowa ba, sai ma ya fito da rassa huɗu ko biyar a inda yake da ɗaya. Ayabar ma ya datse ta, domin barin ruɓaɓɓen ganye a jikin shuka ciwo yake jawowa.

Malamar Gona, Vom

Baba, ina yi maka fatan alheri, kuma ina neman afuwar Malam Manomin Rani, domin zan saɓa masa a kan lokacin sara, ko da yake abin da ya faɗa game da halin zogale gaskiya ne. Shawararsa daidai take ga shukar da ƙanƙarar hadari ta farfasa a cikin ɗumin damina, inda rauni ke saurin kama ruɓa kuma sabon toho ba shi da abin tsoro. A wurin ɗanka kuwa sanyi bai wuce ba tukuna, domin a wannan yanki akan iya samun daren daskarewa har cikin Fabrairu, wani lokaci har farkon Maris. Idan ya sare yanzu, ya buɗe rauni a jikin itacen, ya cire matattun rassan da ke yi wa na ƙasa garkuwa, sannan da zarar an samu 'yan kwanaki na ɗumi itacen zai fitar da sabon toho, wanda shi ne abin da sanyi ya fi saurin kashewa. Itacen da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan tohon da ya mutu yakan kasa yin na biyu. Abin da zai cire yanzu shi ne wanda ya yi laushi yana yoyon ruwa yana wari, kamar ganyen ayaba da kan gwanda. Busasshen reshe kuwa ya bar shi har gari ya yi ɗumi sosai.

Zai yi kyau a fahimci cewa ba dusar ce ta yi wannan ɓarna ba, in ban da rassan da nauyinta ya karya. Sabuwar dusa kusan kashi tara cikin goma nata iska ce, har idan santimita 10 ta narke ruwan da za a samu bai fi kimanin santimita 1 ba, kuma wannan iskar da ke tsare a cikinta tana aiki kamar bargo. Ƙasar da ke ƙarƙashinta takan tsaya a kusa da sifili ko da iskar waje ta yi ƙasa da haka sosai. Ɓarnar takan faru ne a daren da ya biyo baya, idan gajimare ya washe, iska ta kwanta, zafin ƙasa ya tsere sama babu abin da ya tare shi. Duk abin da ya miƙe sama da dusar, wato zogale da gwanda da ayaba, shi ya sha wannan dare. Ruwan da ke cikin ganye yakan daskare, ya tsotse ƙwayoyin halittar ganyen ya farfasa su, idan rana ta fito ya narke sai ganyen ya zube, kamar yadda latas ke yi idan aka manta shi a cikin firiza. Kabeji da karas asalinsu na ƙasashen sanyi ne, suna tara sukari a jikinsu idan sanyi ya matsa, wanda ke sa ruwan jikinsu ya yi wuyar daskarewa, sannan ga bargon dusa a kansu. Ka ce wa surukarka ta ɗanɗana karas ɗin, za ta ji ya fi na da zaƙi.

Ga yadda zai gane mai rai. Ya sa farce ko bakin wuƙa ya ɗan kankare ɓawon zogalen, ya fara daga sama yana gangarowa. Inda ya ga ruwan ƙasa ko baƙi, wurin ya mutu. Inda ya fara ganin kore mai danshi, nan rai ya tsaya, kuma a nan zai sare idan lokaci ya yi. Ko da bai ga kore ba har ƙasa, kada ya tumɓuke, domin zogalen da aka shuka daga iri yana da saiwa mai kauri kamar rogo, kuma muddin ƙasa ba ta daskare ba yakan toho daga gindi. Ya tara busasshen ganye ko ciyawa a gindin, kaurin tafin hannu ko fiye, ya rage ban ruwa, domin saiwar da ba ta da ganyen da za ta shayar ruɓewa take yi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi. Taki ma ya dakata da shi har ya ga toho.

Ayaba ba ta ba ni tsoro, domin abin da muke gani a sama ganye ne nannaɗe, ainihin jikinta yana cikin ƙasa, kuma daga nan 'ya'ya za su fito. Idan ya matsa jikinta ya ji da tauri a tsakiya, ya bar wannan ɓangaren, sabon ganye zai iya fitowa ta cikinsa. Gwanda ce nake jin ba za ta tsira ba, domin cikinta rami ne, ruwa yakan shiga ya ruɓar da ita har ƙasa, amma tunda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda daga iri, asarar ba mai yawa ba ce. Lemun tsami shi ne mafi raunin dangin lemo a gaban sanyi, kuma a nan akwai abin lura. Idan mai aure ne, wato an haɗa reshensa a kan gindin wani lemo daban, kamar yadda akasarin waɗanda ake sayarwa suke, ya duba gaɓar auren a kusa da ƙasa. Tohon da ya fito sama da gaɓar shi ne lemunsa. Wanda ya fito ƙasa da ita na uwar gindi ne, kuma 'ya'yan da zai yi ba irin waɗanda ya dasa domin su ba ne.

Don gaba kuma, idan aka yi hasashen irin wannan dare, ya shayar da ƙasa tun da rana, domin ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe zafi. Ya lulluɓe shuka da tsohon zanen gado ko bargo har ya taɓa ƙasa ta kowane gefe, a danne da duwatsu, saboda zafin da ke fitowa daga ƙasa ake son tsarewa. Leda kuwa kada ta taɓa ganye, domin duk inda ta taɓa nan sanyi zai ƙone, kuma a cire ta da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Gindin lemun ya tara masa ƙasa har ta rufe gaɓar aure. Zogale ɗaya daga cikin ukun kuma ya mayar da shi babbar tukunya da za a iya ja zuwa cikin gida.

Ɗalibi a Jami'ar Jos

Ina gaida iyayena da malamaina. Tambayata ga Malamin Labarin Ƙasa ce. Muna karanta cewa duniya tana ƙara ɗumi, amma ga dusar ƙanƙara a New Orleans, kuma a Yulin 2023 ta sauka a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, a Bagadaza ma an gan ta a 2020. Shin wannan bai nuna cewa yanayin ya rikice har wata rana abin zai iya isowa Filato ba?

Malamin Labarin Ƙasa, Bukuru

Tambayarka tana da kyau, ɗana. Duba wuraren da ka lissafa, za ka ga dukkansu sun yi nisa da tsakiyar duniya, kuma dama sukan ga dusa jefi-jefi. Johannesburg tana kan digiri 26 kudu, tsayinta ya kai mita 1,700, Yuli kuma tsakiyar sanyinsu ne, kuma kafin 2023 sun gan ta a Agustan 2012. Bagadaza ta gan ta a 2008 kafin ta 2020. Rana ɗaya ta sanyi a gari ɗaya ba ta auna yanayin duniya, sai an haɗa ma'aunin shekaru masu yawa na ko'ina, kuma da aka haɗa, 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ƙarin ɗumi nesanta Jos yake yi da dusar ƙanƙara. Abin da ya kamata manomin Filato ya sa wa ido shi ne lokacin faɗuwar damina da ƙarfin hadarin farko, kuma hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara.

Tsohon Hedimasta, Anguwar Rogo

Assalamu alaikum. Na dawo bayan wata uku domin in sanar da ku yadda aka ƙare, tunda bai dace mutum ya karɓi shawara ya yi shiru ba. Allah ya saka wa kowannenku da alheri.

Na tura wa ɗana bayanin Malamar Gona kamar yadda ta rubuta shi, ya kuwa bi shi. Da ya kankare ɓawon zogalen a farkon Fabrairu, biyu sun nuna kore daga kamar taƙi biyu sama da ƙasa, na ukun kuwa baƙi ne har gindi, kuma ya gaya mini sau biyu yana ɗaukar shebur zai tumɓuke shi matarsa tana hana shi. A tsakiyar Maris ya sare biyun a inda koren ya fara, wanda ya zo daidai gwiwa kamar yadda Malam Manomin Rani ya ce, kuma yanzu kowanne ya fito da rassa da yawa, har an fara tsinkar ganye. Na ukun bai motsa ba sai a makon jiya, lokacin da jikata ta ga wani ɗan toho kamar kan allura ya ɓullo ta cikin ciyawar da aka tara a gindinsa, tazarar yatsa uku daga mataccen kututturen. Gwanda duka biyun sun ruɓe, ya shuka sababbi. Ayaba ta fitar da 'ya'ya huɗu. Lemun tsamin ya toho, amma ƙasa da gaɓar aure, saboda haka ya yanke shawarar cire shi ya dasa wani a tukunya.

A nan gida kuma, ranar Asabar da ta wuce an yi mana hadarin farko mai ƙarfi, kuma ya zo da ƙanƙara ta 'yan mintuna. Na fita da kwano na tsinci waɗanda suka fi girma a ƙarƙashin indararo, kamar 'ya'yan kanya, na sa a firiza, washegari na kai majalisa a cikin kula. Muka fasa ɗaya da wuƙa a kan faranti muka ɗaga ta a hasken rana, sai ga farar cibiya a tsakiya, da zobe garai-garai a kewaye da ita, da wani farin zoben a bayansa. Na ajiye hoton jikata da dusarta mai kama da gari a gefe, kowa ya duba da idonsa.

Latas ɗina na fangali ɗaya ya tafi a wannan ruwa, saura ɗayan da ke jikin katanga. Malam Manomin Rani, ina so in kafa sanduna in shimfiɗa ragar inuwa a kansa kafin hadari na gaba. Wane tsayi kuke ba ta sama da ganye, kuma kukan karkata ta gefe guda ne domin ƙanƙarar ta gangare, ko a miƙe kuke ɗaure ta?